Muryar Kawu

Mma, mahaifiyata, ba ta yarda da gaisuwar da babu murya a cikinta ba. In ta tambaye ka ya jiki, ba amsarka take saurare ba, numfashinka take saurare. A Salaga ta tsufa tana sayar da doya, yayanta kuwa, Kawu, yana Bawku yana fataucin albasa. Da yana da ƙarfi, duk shekara sai ya biyo lori ya zo, ya sauke mana albasa, su yi ta faɗa da Mma a kan gishirin miya, ya ɗora doya ya koma. Da gwiwa ta ƙi, hanyar Bawku kuma saboda rikici ta zama sai an tambaya kafin a hau mota, zuwan ya tsaya.

Ƙanwarsu da ke Yendi ce ta ce a saya wa tsofaffin waya mai shafawa, a buɗe zauren dangi a ciki. Da farko abin ya yi daɗi, wannan ba zan musa ba. Kawu yakan danna saƙon murya ya yi ta zuba kamar rediyo: yadda kasuwa ta kwana, wanda ya rasu a zango, da tsiyar da yake wa Mma cewa doyar Salaga rabinta ruwa ne. Mma ta kara wayar a kunne, tana dariya tana rama masa.

Sai hotuna suka shigo. Jan fure da barka da asuba, ranar Juma'a kuma masallaci mai walƙiya. Na tsani hotunan nan har yau. Na Kawu ne ke riga na kowa isowa. 'Ya'yansa na Kumasi su ga fure, su ce Baba ya tashi lafiya. Yendi ma haka, mu ma haka. An ce zumunta a ƙafa take, mu kuwa muka mayar da ita kan ɗan yatsa.

Mma ce kaɗai ta tsargu. Wata safiya ta ce da ni, "Yaushe rabon Yaya da magana?"

Na ce, "Ai ga shi ya gaishe mu ɗazu."

Ta ce, "Wannan fure ne. Fure yana tari?"

Ta yi ta kiransa. Wayar ta yi ƙara har ta gaji, can sai wani hoton ya shigo. Kowa ya ba ta dalili: sabis ne, tsufa ne, Kawu dama ɗan ganin dama ne. Aka yi watanni a haka. Rannan ta ɗaure kayanta, ta zauna a kansu a ƙofar gida, ta ce ko in raka ta ko in matsa.

Muka biya Yendi muka ɗauki ƙanwarta, wadda duk tsawon hanya take nuna mana furen ranar tana cewa wahalar banza za mu sha.

A Bawku wata maƙwabciyarsa ce ta tare mu a tsakar gida. "Ku ne mutanen Salaga? Alhaji baki shi ya kulle tun damina. Ya faɗi wajen alwala. Ni ne ke kawo shi koko. Na ce bari in kira yara shi, ya kama hannu na, ya ƙi."

Yana kwance a kan tabarma, ya rame, ɓarin damansa ya shanye, wayar tana hannun hagu. Babban yatsan nan ne ya rage masa, da shi yake rufa wa kansa asiri kowace asuba. Mma ta durƙusa ta ce, "Yaya, ni ce." Bakinsa ya karkace, wani sauti ya fito wanda ba magana ba, hawaye suka gangara cikin kunnensa. Ban taɓa jin tausayin mutum da haushinsa a lokaci guda kamar ranar ba.

Mma ta zauna tana jinyarsa. Kullum sai ta tsokane shi ko zai rama. Bai rama ba har ya rasu.

Bayan an tashi daga makoki mun dawo Salaga, ta miƙo mini wayarta ta ce, "Nemo mini inda yake zagin doyata."

Na duba sama da ƙasa, babu. Ashe can baya hotuna sun cika wayar har ta daina motsi, ta kai wa mai gyara a kasuwa, ya share tsofaffin saƙonni duka don a sami wuri. Na tambaya a zauren dangi ko wani ya ajiye muryar Kawu. Kowa tasa wayar ta taɓa cika. Suka turo mini hoton hannuwa biyu na addu'a.

Da na gaya wa Mma, ta karɓi wayarta ta ajiye. Sannan ta ce, "To. Ni dai na fara manta yadda yake kiran sunana."