Ɗan Farin Mama Tabita

Duk wanda ya taɓa sayen ƙuli-ƙuli a bakin tashar Kalgo ya san Mama Tabita, ko da bai san sunanta ba. Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana. Idan ka cika ciniki sai ta zuba maka ido kawai, har ka ji kunya ka ɗauki kayanka. Bahaushiya ce daga wajen Malumfashi, Kirista tun daga kakanta. Mijinta, marigayi Barnaba, malamin gona ne da aiki ya kawo nan, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku da kaskon suya. Ni kuwa koyarwa ta kawo ni daga Zuru, kuma a Zumuntar Mata ta coci muka saba. In muna waƙa ni ce mai buga tulun kiɗa a gaba, ita ce mai tsayawa a layin baya tana motsa baki a hankali.

Ikilisiyarmu ƙarama ce, kuma kusan duk baƙi ne: mu 'yan Zuru, mutanen kudancin Kaduna, Ibo masu shaguna, sai ɗaliban jami'a. Mu ba ma iya ɓoye komai. In murna ce a ji mu, in kuka ne har kasuwa sai ta sani. Tabita ce kaɗai ta zo mana da al'adar gidansu ta kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunan babban ɗanta Ishaya, ba ta yaba shi, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. "Wancan" take ce masa. Idan muka kira ta Maman Ishaya don tsokana, sai ta yi kamar da bango muke magana, mu kuma mu yi ta dariya.

Ishaya ya taso yana fataucin albasa tare da abokinsa Haliru, wani direba ɗan Gwandu mai a-kori-kura. Rannan sun yi lodi sun nufo Kalgo, Ishaya ya bar wa wani tsoho kujerar gaba ya hau saman buhuna. Haliru ya shiga tsere da wani direban, don wasa kawai, ya zo wucewa a kwana motar ta kwanta. Tsohon ya fita da rai, Haliru ya karye a cinya. Ishaya ko asibiti bai kai ba.

Ranar jana'iza mun yi kuka har muryoyinmu suka dushe. Tabita ko ɗigon hawaye. Tana ta kai wa baƙi ruwa, tana shimfiɗa tabarmi. Da 'yan sanda suka nemi jin ta bakin iyali, aka tambaye ta, ta sunkuyar da kai ba ta ce komai ba, dattawan ikilisiya suka je suka ce uwar ta bar wa Allah. Lahadin da ta biyo Fasto Ayuba, mutumin kirki amma mai saurin kammala magana, ya yi wa'azi a kanta. Ya ce ga mace mai bangaskiya, an kashe mata ɗa ta yafe nan take. Daga nan ta zama abin misali. Duk matar da ta yi faɗa da maƙwabciyarta a kan kaza sai a ce mata ta dubi Mama Tabita. Har aka sa sunanta cikin masu ba da shaida a babban taron mata na gunduma.

Ana saura 'yan kwanaki taron na same ta tana matse tunkuza a tsakar gida. Na ce mata na zo mu shirya abin da za ta faɗa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ba ni da abin faɗa. Ban yafe masa ba."



"Wa ya tambaye ni?" ta ce. "Kun ga ban yi kuka ba kuka ce na yafe. A gidanmu uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban jama'a, shi ke nan. Kullum in na durƙusa addu'a, abin da ke zuwa bakina shi ne Allah Ya hana yaron nan barci. Yanzu kuna so in tsaya gaban bagade in yi wa Ubangiji ƙarya?"

Tsoro ya kama ni, tausayi kuma ya fi tsoron yawa. Na ce to mu je mu faɗa wa Fasto a cire sunanta. Ta ce cire suna ba zai cire abin da ke ranta ba, kuma ta gaji da ɗaukarsa. Gobe in raka ta Gwandu, gidan su Haliru. Ta ce ita ma ba ta san ko gafara za ta kai ko zagi ba.

Mun isa da hantsi. A zauren gidan akwai wani mutum kwance a tabarma, fuskarsa na kallon bango, sanda a gefensa. Tabita ta wuce shi ba ta waiwaya ba. A ciki muka sami uwar Haliru, Fatsuma, gajeruwar dattijuwa mai kaifin ido. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo fura, aka yi gaisuwa mai tsawo kamar babu abin da ya kawo mu. Sannan ta dubi Tabita.

"Na gane ki tun ranar da munka taho gaisuwa," ta ce da karin harshen Gwandu. "Mutanenku na ta yabonki, ni ko na ce a raina, wagga mata wuta ka cin cikinta. Ɗanki na fari na, ko?"

Tabita ta gyaɗa kai.

"Ishaya yaron kirki na. In ya taho gidan ga, nan shika zama inda kike. Ba shi gama cin tuwo sai ya nemi ƙanzo. Shi ce ƙanzon innarshi ya hi na kowa daɗi, ita ka aje mishi ƙarƙashin kwano, ba ta cewa komi. Shi ce shi dai ya sani."

Ban taɓa jin kuka irin na Tabita a wannan tsakar gida ba. Ba shi da ƙara sosai, amma duk jikinta ke girgiza. Fatsuma ba ta ce ta yi haƙuri ba. Ta matso ta riƙe mata kai, ta ci gaba da ba ta labarin Ishaya, tana ta kiran sunansa. 

Da ta lafa ta share fuska da bakin zane, ta ce, "Haliru fa?"

Fatsuma ta kau da kai. "Wancan? Yana nan." Ta shiga tsinkar bakin tabarma da farce. Wata ƙanwar Haliru ce ta faɗa mana daga ƙofar ɗaki cewa tun da aka sallamo shi daga asibiti ya ƙi shiga cikin gida, abinci sai dai a kai a dawo da shi, ya rame har ba a gane shi. Ita kuma innarsu ba ta iya zuwa ta lallashe shi, shi ne na farinta. Ko roƙon Tabita ta yi masa afuwa ba ta iya yi ba, ga ta a zaune a gabanta.

Tabita ta dubi hannun nan da ke tsinkar tabarma. Sannan ta ce a zubo mata tuwo. Ta ɗauki kwanon da kanta ta nufi zaure, na bi ta.

"Haliru, tashi."

Ya juyo, ya gan ta, ya fara ƙoƙarin jan jiki ya kama ƙafarta. Ta ce ya bari. Ta ajiye kwanon a gabansa ta zauna.

"Na roƙi Allah Ya hana ka barci," ta ce. "Na janye. Ban ce zuciyata ta gama sanyi ba, wannan sai Yesu Ya taimake ni. Amma na yafe maka, kuma gobe in zafin ya dawo zan sake yafewa. Ci abinci. Uwarka na can tana mutuwa a tsaye, ba ta da bakin faɗa."

Ya ci yana kuka, ita kuwa ba ta tashi ba sai da ta ga ƙasan kwano. Shaidar da ta bayar a taron daga baya gajera ce, wasu ma ba ta yi musu daɗi ba. Ni abin da na riƙe shi ne lokacin da muka koma ciki da kwanon. Fatsuma na tsaye a bayan katangar zaure, ta yi kamar tsintsiya take nema. Ta tambaya da murya ƙasa-ƙasa, "Ya ci?"

"Ya ci," in ji Tabita. Ta miƙa mata kwanon. "Ki ƙaro masa, ki kai da hannunki. Ki kira shi da sunansa tun yana iya amsawa."

Fatsuma ta karɓi kwanon da hannu biyu.