Ƙwai Biyu a Aljihun Kwat

Ƙwai biyu na ɗauka, ba kwando guda ba kamar yadda ake yaɗawa a Fordham, kuma babu ɗan sandan da ya sa mini ankwa. Tun da 'yan'uwana masu tebur sun ƙi barin maganar ta kwanta, gara in faɗe ta da bakina, har da wurin da ba su damu da shi ba, wanda ya fi ɗaukar ƙwan muni.

Ni mutumin ƙauye ne daga ƙasar Maraɗi. Aji huɗu na yi a lakwal, makarantar boko, na fita. Sama da shekara ashirin ke nan ina tsaye bayan tebur a titin Fordham, a unguwar Bronx ta birnin New York, ina sayar da tabarau da huluna da wayar caji. Ɗiyata ta fari a nan Bronx aka haife ta. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Ina yi mata Hausa, tana ba ni amsa rabi da rabi da Turanci.

Karatun dabbobin dawa take yi a jami'a. A wata bazara ta samu aikin gadin tsuntsaye a bakin teku, can ƙarshen Rockaway, kudu da birni. Shugabarta wata dattijuwar Baturiya ce, kuma takardar shaidar da matar za ta rubuta mata a ƙarshen aikin ita ce za ta buɗe mata ƙofar karatu na gaba. Na san da haka sarai, don kullum maganarta ke nan a kan tuwo.

Da ta ce in zo in gani, dariya na yi.

"Uwata, gadin tsuntsu? A garinmu kora ake yi, kada su cinye gero."

"Baba, ka zo dai. Shekara nawa kana garin nan ba ka taɓa ganin teku ba?"

Gaskiyarta. Ta tagar jirgin sama kawai na taɓa hango shi.

Ran wata Lahadi da sassafe muka kama hanya. Jirgin ƙasa, wani jirgin, sannan bas, sannan ƙafa. Benaye suka ƙare, gidaje suka ƙare, sai yashi da doguwar ciyawa da iska mai ɗanɗanon gishiri. Ban taɓa zaton akwai wuri irin wannan a cikin New York ba. Ba hon, ba jiniya. Ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya gaji. Ta ba ni madubin hangen nesa, na ga waɗansu manyan kifaye suna ɓullowa suna nutsewa a jere. Na ga 'yan tsuntsaye kamar 'yan tsaki suna bin ruwa da gudu in ya janye, su dawo da gudu in ya taso. Na yi tasbihi a fili.

Nata tsuntsayen baƙaƙe ne da farin ciki, da dogon baki ja kamar an tsoma shi a manja. Ba sa yin sheƙa. A kan yashi suke ƙwai, a ɗan rami. An zagaye wurin da igiya a kan turaku, kowane rami da lambarsa, ita kuma tana bi daga nesa tana rubuta abin da ta gani a littafi. A rami na tara ta nuna mini ƙwai uku, masu ɗigo-ɗigo, kamar na zabuwa amma sun fi girma.

"Baba, ka zauna nan, zan kai ƙarshe in dawo. Kada ka tsallake igiyar."

Na ji ta. Ba zan ce ban ji ba. Amma ina zaune, hannuna ya tuna da damina a gida. Mu a dawa in ka tarar da ƙwan zabuwa, kasonka ne Allah ya ajiye maka. Akwai ƙa'ida: ba a kwashewa duka, ana barin ɗaya don uwar ta ci gaba da zubawa. Haka mahaifina ya koya mini. Ga shi kuma na yi tafiya mai nisa, ba na so in shiga gida hannu biyu ba tsaraba. Na ce igiyar nan don yaran birni ce, waɗanda ba su san dawa ba. Na tsallaka. Uwar ta tashi tana ihu, tana jan fiffike a ƙasa kamar ta karye. Na ɗauki biyu, na bar ɗaya, na naɗe su a hankici na sa a aljihun kwat. Har ina jin daɗin kaina.

Da ta dawo ta ɗora madubi a ido, ta daɗe. Sannan ta dubi yashi. Sawun takalmina ne, ya je ya dawo.

"Tsarabar innarki ce," na ce. "Na bar mata ɗaya, za ta ƙara."

"Ba kaza ba ce, Baba! Ukun nan su ne nata na bana. Ciro su."

Na ciro. Ɗaya lafiya. Ɗayan na zauna a kansa ban sani ba, ya fashe, kuma abin da ke ciki ba gwaiduwa ba ce. Har ido ya fito masa. Ta mayar da mai lafiyar ramin, ta fito, ta tsaya ta ba ni baya.

Na ce mata, "Rubuta cewa wani tsuntsu ne ya ci. Wa zai sani?"

Ta ɗauki littafinta ta yi gaba, na bi ta.

A ɗan ofishin katako da ke bakin hanya, dattijuwar shugabarta ta karɓi littafin. Ta yi tambaya a kan rami na tara. Ina tsaye a bakin ƙofa. Uwata ta ce ita ce ta shiga cikin igiya ba izini, ta taka ƙwan. Turancina na titi ne, amma na fahimci kowace kalma. Matar ta dube ni. Na yi mata murmushin baƙon da ba ya jin yare. Na iya wannan murmushin, na sha yi wa masu duba takardun tebur. A gabana aka ce ɗiyata ta ajiye rigar aiki ta zauna gida har sai an yi shawara.

Kwana goma sha biyu tana gaishe ni da safe, tana kawo mini ruwan alwala, ba ta ƙara kalma guda a kai. Innarta ta tambaya, kowannenmu ya ce gajiya ce.

Na gaya wa maƙwabcina a tebur, wani Alhaji mutumin Damagaram mai sayar da jakunkuna. Ya yi dariya har ya riƙe tebur.

"Malam, ka haifi ɗiya ta kirki, ta rufa maka asiri. To me kuma kake nema? Uba ya tsaya gaban Nasara ya ce shi ɓarawon ƙwai ne? Ka bar shi ya wuce. Dama karatun tsuntsu ina zai kai ta?"

"Inda jakunkunanka ba su kai ka ba," na ce.

"A'a! Ni na aike ka?"

Bai aike ni ba. Amma maganarsa ce ta tashe ni, don abin da ya faɗa shi nake faɗa wa kaina kwana goma sha biyu, kuma da na ji shi a bakin wani sai ya yi mini wari. Wane irin rufin asiri ne wannan, a lulluɓe tsoho a bar yarinya a rana?

Washegari ban buɗe tebur ba. Na kama hanya ni kaɗai, na ɓata sau biyu, na isa bayan azahar. Dattijuwar tana cin burodi a ofis. Na cire hula, abin da ban taɓa yi wa kowa ba a ƙasar nan. Na ce mata ni ne. Na ce ina jin Turanci, ran nan ma na ji. Na yi mata bayanin zabuwa da barin ɗaya, da baki da hannu, ba don ta yafe mini ba, don ta san ba hauka ba ne, ilimi ne na wani wuri da na kawo inda ba nasa ba. Ta bar burodin. Ta ce ta san sawun ba na ɗiyata ba ne tun ranar, takalmin ya yi girma. Abin da ya ɓata mata rai ƙaryar ce, don aikin nan gaba ɗayansa a kan gaskiyar littafi yake tsaye. Na ce ƙaryar ma tawa ce, ni na fara nema, ita kunya ta hana ta kiran sunan ubanta. A wurinmu haka ake tarbiyya, kuma ba zan ba da haƙuri a kan wannan ba. A kan shiruna nake ba da haƙuri.

Ta rubuta sunana a wata takarda, ta ce hukuma za ta iya nemana. Na ce su zo, teburina ba ya gudu.

Da Uwata ta ji, faɗa ta yi mini, karo na farko a rayuwarta.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba? Da sun riƙe ka fa?"

"Da kin kawo mini tuwo."

"Baba, ba wasa nake ba!"

"Ni ma haka, Uwata. Na yi miki laifi biyu. Ki yafe mini."

Innarta ta saki ludayi a tukunya. Ba ta taɓa jin na faɗi haka ga kowa ba, har ita.

Bayan kwana uku aka kira Uwata ta koma aiki. An sa mata gargaɗi a rubuce, kuma an hana ta sake kai baƙo. Takardar shaidar ta samu a ƙarshen bazara, da gargaɗin a ciki, ba a ɓoye ba. Hakan nan ta tura ta, aka kuma ɗauke ta karatu na gaba.

Ranar da ta koma, da yamma ta shigo da takalma cike da yashi, ta zubar da shi tun daga matattakala har ƙofarmu. Na ɗauki tsintsiya na fita.

"Malam, kawo nan," in ji innarta. "Maƙwabta za su gan ka."

"Su gani," na ce, na fara daga hawa na uku.