Malam Isuhu Bai Binne Komai a Ramin Tururuwa Ba

Malam Isuhu ya rasu.

Yanzu da safen nan labarin ya same ni. Ina tsaye ina buɗe shagona a Karaye, makulli a hannu ɗaya, waya a ɗaya, sai na ci karo da hotonsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jiya da azahar ya cika a Rogo, kafin magariba an kai shi makwancinsa.

Ba kirana aka yi ba, a fosti na gani. Kuma wanda ya yi fostin Sagir ne, ɗan ajinmu na firamare. Ya rubuta wai ya yi rashin uba, har da alamar kuka guda uku.

Na zauna a kan buhun taki na daɗe ban tashi ba. Wallahi ban san wanne ya fi ci mini rai ba, mutuwar ko ganin wanda ya sanar da ita.

Kafin in zo kan Sagir, bari ku san wanda muka rasa.

Shi ya koyar da mu kimiyya a firamaren ƙauyenmu, can wajen Kurugu. Dogo ne siriri, kullum gwiwar wandonsa da ƙasa, don rabin rayuwarsa a durƙushe ya yi ta. A bayan idonsa muna ce masa Malam Tururuwa. Ranar da ya ji, dariya ya yi, ya ce, "Kun rage mini sarauta. Ina kuka baro cinnaka da gwano?"

Mu a da, duk wani ɗan ƙwaro mai ƙafa shida, ko mu taka shi ko mu kauce masa. Malam ne ya raba mana su gida-gida kamar mai ba da tarihin dangi.

Ya kai mu bakin ramin tururuwa ya nuna mana tarin ƙaiƙayi, ya ce ta ɗebo ƙwaya, ta sussuke, ta zubar da dusar a waje. In ruwa ya shiga rumbunta, washegari za ka ga ta fito da hatsin tana shanya. Ya ce kwarkwasa makauniya ce, ba ta da gidan dindindin, amma in ta taso da rundunarta ko kunama sai ta ba ta hanya. Kiyashi ɗan mitsitsi, shi da kwalbar man gyaɗa. Shazumami, shi kuma a bar shi da gwangwanin sukari. Sai jajayen nan na kan mangwaro da yake kira teloli, waɗanda ke haɗa ganye da ganye su ɗinke, kuma zaren daga bakin jariransu yake fitowa. Na ce ƙarya ne, sai da ya ɗora ni a reshe na gani, na sauko da cizo ya fi ashirin.

Kuma kada ka kuskura ka sa gara a cikinsu. Ni na taɓa yi. Ya dube ni kamar na zagi kakarsa, ya ce, "Bala, gara dangin kyankyaso ce. Kada ka haɗa mini zuri'a."

Har da karin magana yake rigima. In aka ce tururuwa in ta tashi lalacewa fiffike take yi, sai ya ce, "Sharri ne. Ranar bikinta ce, ku ne ba a gayyata ba."

Wata Asabar da hantsi ya kwashe mu zuwa bakin fadama, muka tsaya muna kallon jerin gwano sun dawo daga yaƙi da gara. Can sai ga wani ɗauke da ɗan'uwansa a baki. Sagir ya ce, "Malam, gawa ce?"

"Duba da kyau."

Ashe yana motsi. Malam ya ce gara ce ta cire masa ƙafa, gida za a kai shi a yi jinya, don gwano ba ya tafiya ya bar nasa a fagen fama. Sagir ya yi ta tsalle don murna. Ranar Malam ya ciro gilashinsa na ƙara girman abu, wanda ko taɓawa ba ya bari mu yi, ya ba shi kyauta.

Ni ban samu gilashi ba, ni ne daƙiƙin ajin. Har na kai aji huɗu ban iya haɗa baƙi ba. Bai taɓa dukana a kan haka ba. In an tashi sai ya tsayar da ni, ya buɗe littafinsa na zane, ya ce in karanta sunan da ke ƙarƙashin kowane ƙwaro. Kalmar farko da na karanta da kaina a duniya ita ce "cinnaka".

Da mahaifina ya rasu na bar makaranta a ƙaramar sakandare, daga baya na buɗe shagon taki da maganin ƙwari. Shekara guda ina ɓuya masa don kunya. Ran nan sai ga shi a ƙofar shago, ya dubi kwalaben feshi, ya ce, "Ashe ka shiga sojan abokan gaba." Ya zauna ya karanta mini takardar jikin kowace kwalba, ya nuna mini wadda ba a fesawa kusa da ruwa. Daga nan duk manomin da ya tambaye shi magani, wurina yake turo shi.

Sagir kuwa ya wuce har jami'a, kuma kowa ya san shi ne ɗan gaban goshi. Da ya zo rubuta aikinsa na kammala digiri, Malam ya ɗauki littattafansa goma sha ɗaya ya damƙa masa. Aikin fiye da shekara ashirin ke nan. Kowane rami da lambarsa, kowace iri da zanenta, da abin da take ci, da watan da take fitowa. Da littattafan nan Sagir ya gama karatunsa, ya dawo gari ana ta nuna shi.

Sai abin da ya faru shekara shida da suka wuce.

Gonar Malam tana iyaka da ta wani Alhaji mai sayen hatsi, ba zan kama sunansa ba. A kan iyakar akwai wani tsohon ramin tururuwa da Malam ya daɗe yana bibiya. Alhaji ya so ya zuba masa guba, Malam ya roƙe shi ya bari, ya ce duk abin da ta ɗiba shi zai mayar da kaka. Suka yi 'yar sa-in-sa, aka rabu.

Da damina ta zagayo, gidan Alhaji ya rikice. 'Ya'yansa biyu suka yi faɗa, ɗaya ya shiga duniya ba labari. Ana cikin haka 'yan ƙwadago suna noma suka tone ramin nan, suka sami laya naɗe da baƙin zare.

Kun dai san abin da mutanenmu ke cewa, wai mai son tarwatsa gida a ramin tururuwa yake binne asirinsa. Wanda ya sa layar, Allah kaɗai ya sani. Amma wa ake gani kullum da safe durƙushe a wurin, da 'yan kwalabe, yana rubuce-rubuce?

Aka kira Malam ƙofar dagaci bayan la'asar, gari ya taru. Malam, da yake shi ba ya zaton sharri, sai ya zo da kwalabensa don ya yi bayani, kowacce da ƙwaro a jiƙe cikin sifirit. Wani daga baya ya ce, "To ga kayan aikin nan ma ya kawo da kansa."

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da nake yi a ramukan nan a rubuce yake. Littattafan suna wurin Sagir, da su ya yi jami'a. Ga shi nan zaune, a tambaye shi."

Ni ban jira an tambaye ni ba, na miƙe na ce tun ina yaro nake bin Malam ramukan nan, ban taɓa ganin ya binne ko tsinke ba. Wani ya ce, "Kai da ko sakandare ba ka gama ba, me ka sani? Zauna." Aka yi dariya, na zauna.

Ido ya koma kan Sagir. Shi ne mai digiri, maganarsa ɗaya ta isa ta kashe wutar. Amma a lokacin yana neman kansila, kuma Alhajin nan ne ke riƙe da mutanen mazaɓa.

Ya gyara hularsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai na san yana zuwa ramukan. Abin da yake yi a can kuwa, tsakaninsa da Allah."

Dagaci ya ce, "Littattafan fa?"

"An daɗe. Ban san inda suke ba."

Ina kallon fuskar Malam. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, sannan ya shiga jera kwalabensa a jaka ɗaya bayan ɗaya.

Dagaci ya ce babu hujja, kowa ya watse. Hukuncin sai gari ya yanke da kansa. Iyaye suka hana yara shiga ajinsa. A masallaci sai ka ga giɓi kusa da shi a sahu. Matarsa, Inna Hajara, da ƙuli-ƙulinta ba ya kwana, ta koma tana zubar da shi ga awaki. Ƙarshe ya yi ritaya tun lokaci bai yi ba, ya sayar da gona, suka koma Rogo wurin danginta.

Hausawa sun ce cinnaka ba ka san na gida ba. Da Malam yana kusa da ya ce na yi wa cinnaka ƙazafi.

Haɗuwarmu ta ƙarshe kafin azumin da ya wuce ne, ranar kasuwar Rogo. Na same shi a ƙofar gida kan tabarma, ya rame, ido ya yi rauni, amma kansa a sunkuye yana bin wani layin ƙananan ƙwari a gindin bango. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

"Zo ka ga wata 'yar ƙarama ruwan ƙasa. Ban taɓa ganin irinta a wajenmu ba."

Na ce zan sayo masa sabon littafi ya zana ta. Ya ɗago hannunsa ya nuna mini yadda yake rawa.

Can ya ce, "Kana ganin Sagir?"

Na ce motarsa nake gani.

"In kun haɗu ka ce ya dubo mini littafi na bakwai. Akwai zanen da nake son in sake gani kafin idon nan ya tafi."

Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Malam, har yanzu sunan mutumin nan kake kira?"

Ya ce, "Bala, ban ce ya kyauta ba. Cewa na yi ya dubo mini littafi."

Tun a mota na tura wa Sagir saƙon. Ya buɗe, na ga alamar ya karanta. Na kira sau uku a satin, bai ɗauka ba. Malam ya mutu bai ga zanen ba.

Ɗazu na kira Inna Hajara na yi mata gaisuwa. Ta ce sahu biyu ba su cika ba a jana'izar, kuma daga ƙauyen da ya koyar shekara da shekaru ba wanda ya zo. Duk wannan ta faɗa mini muryarta ƙalau. Sai da ta zo kan wata mai ta'aziyya, wadda ta ja ta gefe ta ce, "Ina fata dai an ƙona kwalaben nan kafin a fita da shi," sannan ta fashe da kuka.

Ashe maganar ta bi shi har Rogo, kuma ta ƙi binnuwa tare da shi. 'Ya'yansa huɗu suna nan, da sunansa ake kiransu.

Sagir, na san kana karantawa. Ka ci amanarsa, ka ci tamu da muka durƙusa tare da kai a bakin ramukan nan. Ba na son ka goge fostinka, bar shi. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zan tsaya a ƙofar dagacin nan in sake faɗin abin da na faɗa, ko da za a sake yi mini dariya. Ka zo da littattafan. In da gaske sun ɓace, ka zo hannu rabbana, bakinka nake bukata. Ka faɗa wa mutane abin da ke cikinsu, sannan ka kira shi uba.

Ku kuma da kuka taɓa zama a ajinsa, duk inda kuke, kowa ya rubuta mini a ƙasa abu ɗaya da ya ga Malam yana yi a bakin rami da idonsa. Zan karanta su ranar, kowanne da sunan mai shi.

Ya Allah, ga bawanka Isuhu ya zo gare ka. Ya ƙare rayuwarsa yana mamakin ƙananan halittunka, mu kuma muka saka masa da zargi. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka wanke sunansa a idon waɗanda suka ɓata shi, ka ba Inna Hajara da yara haƙuri, ka yafe mana mu da muka gaza tsaya masa.

Don Allah duk wanda ya karanta har nan, kada ya wuce bai yi masa addu'a ba.