Agogon Ɗahiru

Labo mai hoto ya yi shekara da shekaru a bakin kasuwar Konni, tun lokacin da hoto baƙi da fari ne kawai. Shi ne ya fara zuba wa mutanen garin launi. Kayan aikinsa 'yan kwalabe uku ne, kore da ja da ruwan gwal, sai wani tsinke da ya ɗaura wa gashin akuya. Koren ya fi yawa, saboda haka rabin Konni da duk mutanen Tsarnawa koriyar riga gare su a bango, har waɗanda ba su taɓa ganin irinta ba.

Labo bai iya rowa ba. In ka zauna gabansa da hannu tsirara, ka dawo ka tarar ya zana maka agogo. Mai giɓi ya samu haƙorin Makka bai je ko tasha ba. Har wani jaki an ce ya yi wa kwalli.

Yanzu ya tsufa. Hannunsa na rawa, in ya ɗauki kofin shayi sai maƙwabta su sha rabi. Shagon yana hannun ɗiyarsa Rahama, wadda ke buga hotuna daga waya.

Daminar bara rufin ɗakin Shatu ya yi yoyo. Shatu matar marigayi Ɗahiru ce, direban babbar mota, abokin Labo. Hoto ɗaya tal ya bari a duniya, aikin Labo, ruwa kuwa ya wanke launin ya bar fuska kamar inuwa. Ta kawo shi a naɗe cikin kallabi.

"Labo, ka maido min shi yadda yake. Jikokina ba su san shi ba sai nan."

Labo ya ce to, don bai iya cewa a'a ba. Ya ɗauko tsinke, tsinke ya kama rawa tun bai taɓa takarda ba. Ya ajiye. Da ya ci gaba, da Ɗahiru ya fito da gemu a goshi.

Rahama ta ce, "Baba, kawo mu ba AI. Abin nan na cikin waya, shi ma launi yake sawa."

Kafin Labo ya gama tsaki aiki ya fito. Ga Ɗahiru tsaf, cikin farar riga mai ɗan datti, hannu babu komai. Shatu ta duba ta tura musu wayar.

"Wa ya tuɓe mishi riga?"

"Inna, ai haka yake ranar," in ji Rahama.

"Na hi ki sani, ni na wanke ta. Mutumen ga bai taɓa mallakar koriyar riga da agogo ba sai cikin hoton ga. Shi ma za ku amshe?"

Labo ya ji kunya ta kama shi har kunne. Ya bi gida gida yana aron tsofaffin hotunansa daga bango, ya kawo cike da buhu. Rahama ta nuna wa na'urar ɗaya bayan ɗaya, ta ce ta yi irin hannun wannan mutumin.

Na'urar ta koya, har ta wuce malaminta. Ɗahiru ya fito da riga koriya shar, kumatu ja, da agogon gwal a kowane hannu.

Labo ya ce, "Rahama, cire ɗaya. Ni ban taɓa ba mutum biyu ba, za a ce na haukace."

Shatu ta riga ta karɓe wayar. Ta matso da ita kusa da ido, ta daɗe.

"Bar mishi," ta ce. "Ya sha wahalar hanya."

Haka aka buga hoton, yana nan rataye a ɗakinta, an gyara rufin. Labo kuwa duk wanda ya zauna bencinsa sai ya gaya masa ya yi sabon almajirin aiki, mai hannu da kyau, sai dai almubazzari ne.