Matar Famfo na Uku

Kwana huɗu ke nan ana layin fetur a ƙasar da ke haƙo shi. Matar da ke riƙe da famfo na uku gajeriya ce, rigar aikinta ta koɗe, idanunta jajur saboda rana. Daga gani ita ke ciyar da gidansu.

Ga wata ƙatuwar mota ta ratso layi, ta sha gaban wani tsohon manomi da tumatirinsa ke narkewa a bayan a-kori-kura.

Manaja ya matso yana raɗa mata, "Babban mutum ne. Kina son aikinki kuwa?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, motarsa ba ta ruɓewa."

Ta ja tiyo, ta yafito manomin. "Baba, matso."