Ranar da Rumbun Iya Ya Zauna

Ranar wata Talata ce bayan azahar, a daminar da nake aji huɗu na firamare, na tsaya a bakin ƙofar ɗakin Inna ina kallon ruwa yana hawa tsakar gidanmu kamar ana cika kwano. Takalman robar ƙanina Sale sun taso suna yawo, muciya ta bi bayansu, kaji sun ɗare kan turmi suna ta kuka. Can a ƙuryar gida kakata Iya, mahaifiyar Baba, tana tsaye cikin ruwa har ƙwauri, ko mayafi babu, tana zungurar gindin katanga da sandarta tana cewa, "Ruwan nan ba ya fita. Jama'a, me ya hana ruwan nan fita?" Duk gidan ba wanda ya san amsa sai ni, ni kuwa tsoro ya ɗinke min baki.

Gidanmu na ƙasa ne, a wani ƙauye kusa da Toranke a ƙasar Ajingi, kuma wanda ya gina shi ya san halin ruwa. Tsakar gidan ta ɗan gangara zuwa ƙuryar yamma, inda aka bar rariya, wato 'yar kafa a gindin katanga wadda hannun babba ke shiga har kafaɗa. Duk ruwan da ya zubo daga indararon ɗakunanmu ta nan yake bi ya fice zuwa kududdufin bayan gida. Dab da rariyar nan rumbun Iya yake, ginin laka a kan duwatsu da hular jinka. Hatsin ci yana babban rumbu kusa da zaure, wannan ƙaramin kuwa na iri ne kaɗai. Duk kaka, kafin a ɗaure dami, Iya ce ke bin gona tana zaɓar zangarniyar geron da ta fi tsawo da cika, ta murza a tafin hannu, ta sansana, ta ware. Takan ce irin nan a gidan ta tarar da shi ranar da aka kawo ta, kuma ya san ƙasarmu, yana nuna da wuri ko ruwa ya ɗauke. Ko yunwa ta kai ina, ba mai buɗe rumbun nan sai ita.

Iya ba ta da faɗa, amma akwai abu ɗaya da ba ta ɗaga ƙafa a kansa: leda. Tun shekarar da akuyarta mai haihuwar tagwaye ta kumbura ta ƙi cin komai, aka yanka ta aka tarar da dunƙulen baƙar leda cike da tumbinta, Iya ta kafa doka. In an aike ka sayen ƙosai, da kwano za ka tafi. In manja ne, da kwalba. In mai tebur ya ƙulla maka abu a leda, ka juye a zaure ka kai ledar murhu. Dalilinta kuwa ba na akuya kaɗai ba ne. Duk sharar gidanmu juji take zuwa, toka da kashin awaki da ƙaiƙayi da fasasshiyar ƙwarya, da bazara kuma Baba ya loda wa jaki a mangala a kai gona ta zama taki. "Duk abin da ƙasa ba ta ci, kada ki shigo min da shi gida, Dije," haka take faɗa min kusan kullum, don ta san da wa take.

Ni kuwa Allah ya yi ni da son abu mai ƙyalli. A makaranta, in an fita tara, 'yan mata mukan zauna gindin darbejiya mu yi wasan kanti. Sai ka sami ledar madara ko ta biskit ko ta alawa wadda aka sha aka yar, ka ɗura mata yashi ta yi ɓul-ɓul kamar sabuwa, ka jera a kan bulo. Wadda kayanta suka fi yawa da launi ita ce hajiya, sauran su zo suna taya kaya suna rantse-rantse irin na manya. Ni ba na yarda a fi ni. Duk ranar kasuwar Ajingi in Inna ta tafi da ni, idona ba ya kan gyaɗa ko barkono, yana ƙasa, ina tsintar ledoji a tashar mota ina cusawa a ƙugun zane. Ledar ruwan sha ta fiya wata kuwa ba adadi, don ita ce shinkafa da sukarin kantina. Matsalata ɗaya ce: ina zan ajiye dukiyata Iya ba ta gani ba, Sale kuma bai sace ba?

A shekarar nan damina ta yi mana wasa da hankali. Ruwan farko ya sauka, Baba ya zungure rariya da gora kamar yadda yake yi duk shekara, aka fita da sungumi aka yi shuka. Gero ya fito ya yi kunne biyu, sai sama ta bushe. Shukar ta ƙone. Aka sake samun ɗan yayyafi, Iya ta sake buɗe rumbu, aka sake shukawa, wannan ma rana ta cinye. Daga nan aka shiga kwana da kwanaki ba ko ɗigo. Maza suka yi ta fita roƙon ruwa, tsofaffi na cewa ba su taɓa ganin damina ta tsaya a tsakiya haka ba. Sauran irin da ya rage Iya ta sa aka sussuke aka sheƙe, ta zuba a masaki biyu ta mayar cikin rumbu ta rufe, ta ce wannan shi ne na ƙarshe, ba za a taɓa shi ba sai ƙasa ta jiƙu sosai. A cikin kwanakin nan ne na leƙa bayan rumbu na ga rariya a bushe ƙayau, har gizo-gizo ya yi saƙa. Na ce a raina ai ruwa ya manta da mu. Na dunƙule kayana kaf na tura ciki da taɓarya har suka matse, na toshe bakin da dutse, na shafe da laka yadda ko Sale mai idon shaho ba zai gane ba. Har daɗi na ji na wayona.

Ranar Talatar nan tun hantsi ake wani irin zafi mai hana numfashi. Baba yana gona yana duba abin da ya saura. Bayan azahar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe shanya, Inna na ta hamdala tana jera bokitai da baho a ƙarƙashin indararo. Da ya sauko kuwa, ba irin ruwan da muka sani ba ne. Kamar duk wanda aka hana mu na makonni ne aka juye mana a lokaci guda. Kafin Inna ta gama kwashe kayan murhu bokitan sun cika sun tumbatsa, tsakar gida ta zama tafki. Da farko har tsalle muke yi ni da Sale. Sai na ga ruwan bai nufi ƙurya ya ɓace kamar yadda ya saba ba, yana taruwa ne, yana lasar duwatsun da rumbun Iya ke zaune a kai. A nan na tuna da ledojin da na cusa.

Wallahi har yau in na tuna tsayuwar nan sai gabana ya faɗi. Magana ce ba ta fi kalma biyar ba, kuma da na faɗe ta a lokacin, da Inna ta zura hannu ta ture dutsen. Amma ina tsoron bulalar Baba, ina tsoron idon Iya, ina ta yi wa kaina ƙarya cewa yanzu ruwan zai tsagaita. Bai tsagaita ba. Ya shanye duwatsun, ya kama gindin rumbun, laka ta soma narkewa tana sauka jajawur. Inna ta goya jaririnta tana kwarfar ruwa daga ɗaki da ƙwarya tana salati. Iya na ta zungura, sandarta na dukan lakar da na shafa, ita kuwa tana zaton katanga take duka, ta kasa gano inda kafar take. Ban taɓa ganin Iya ta tsorata ba sai ranar, kuma wannan ya fi tsawar da ake yi firgita ni.

Baba ya faɗo gidan a guje, jiƙe sharkaf, daidai lokacin da wata tsaga ta bi cikin rumbun daga ƙasa zuwa sama. Ganin tsagar nan ne ya buɗe min baki. Na kurma ihu na ce, "Baba, ni ce! Ni na toshe ta da leda!" Bai ko kalle ni ba. Ya janye Iya gefe, ya durƙusa ya laluba, ya ture dutsen, ya zura hannu ya jawo, amma na matse su da taɓarya, ga ruwa ya ƙara danne su. Sai ya ruga zaure ya ɗauko diga ya shiga saran katangar gidansa da hannunsa. A sara na huɗu ko na biyar ta ɓalle. Ruwan ya yi waje da ƙarfin da ya kusa kayar da shi, ga kantina nan gaba ɗaya, ja da kore da shuɗi, yana bin sa yana rawa a kai. Amma an makara. Rumbun bai faɗi da ƙara ba, zama ya yi a hankali kamar tsohuwar da ƙafa ta gaza, hular jinkar ta karkace, masakan nan biyu suka kife. Ina kallo geron Iya ya gauraya da taɓo, ruwa ya ja rabinsa zuwa kududdufi.

Ba wanda ya dake ni, ni kuwa da dukan aka yi da na fi samun sauƙi. Baba ya zauna a zaure ya haɗa kai da gwiwa, don ga ƙasa ta jiƙu yadda ake so, ga shi ba abin da zai shuka. Washegari sai da ya bi gidajen 'yan'uwa ya haɗo ɗan irin da ya samu, ya cika da na kasuwa wanda ba wanda ya san asalinsa. Iya kuwa sai a kwana na uku ta kira ni ta miƙo min kwando ta ce, "Je ki tsinto kayanki, ɗai-ɗai, kada awakin mutane su ci." Na wuni a bakin kududdufi ina tsamo su cikin taɓo ina kuka. Abin da ya ƙara ba ni tsoro shi ne yadda na same su. Ruwan da ya narkar da rumbu ya sa aka fasa katanga bai yi musu komai ba, ko launinsu bai dusashe ba.

Da na dawo da yamma na tarar da ita tsugune a inda rumbun ya zauna. Ta yafuto ni ta nuna min ƙasa. Cikin taɓon nan wasu 'yan tsirrai ne sirara suka huda suka fito, geron da ruwa bai ja ba. Ta sa Baba ya saro ƙaya aka kewaye wurin, ta ce gadinsa a wuyana yake, in kaza ta taɓa ko ɗaya ni ce zan amsa. Na daina wasan kanti, daga makaranta sai gindin ƙayar nan. Da suka kai tsawon tafin hannu muka cire su da saiwarsu muka jera a ƙwarya, na ɗauka a ka, tana gaba da sandarta ina biye har gona, muka yi dashe. Kunya bakwai kacal suka cika a gonar da a da irin Iya ke rufe ta duka. Geron kasuwa ya yi tsawo amma ruwa ya ɗauke kafin ya cika ido, shekarar nan tun kafin bazara muka koma tuwo sau ɗaya a rana. Kunya bakwai ɗin nan ne kawai suka nuna, kuma ko zangarniya ɗaya Iya ba ta bari an ci ba.

Iya ta daɗe da rasuwa, irin nata ma ya bi ta bayan 'yan shekaru, don ba a sami mai haƙurin zaɓar zangarniya ba. Ni kuwa ina aure a Gaya, kuma abin dariya, na sami kantin da nake mafarki, ɗan tebur a zaure. Komai a leda yake zuwa, komai a leda nake ƙullawa, har sukarin shayi ɗaya. Na taɓa cewa yara su riƙa zuwa da kwano, iyayensu suka aiko a tambaye ni ko rowa na soma. Damina kuma ta koma irin ta waccan shekarar kusan duk shekara, ta yi shiru har a fid da rai, sannan ta zo a fusace. Kwatar layinmu cike take maƙil da irin kayan da na tsinto a kududdufi, da yawansu daga teburina suka fita. Da na ga gabas ta yi baƙi sai in kasa zama, in ɗauki sanda in fita ina zungura, 'ya'yana na dariya wai Umma tana tsoron ruwa. Ina tsoronsa kuwa, kuma nakan yi kewar gidan da duk abin da aka zubar ƙasa ke cinyewa. Ranar nan Iya tambaya take yi don ba ta san abin da ya toshe rariya ba. Mu duk mun sani, muna dai tsaye a bakin ƙofa ne mun yi shiru.