Ƙwarin Farida, Kwarin Baba Nma

Duk wanda ya yi bincike a jami'ar da ke Bosso a farkon shekarun dubu biyu ya san Baba Nma na laburare. Mutumin Bida ne, gajere, mai son raha, kuma kunnensa bai taɓa rabe ƙa da ka ba. In ya ce maka kana da baki, ba zagi ba ne, baƙi ne ke jiranka a waje. Mu abokan aikinsa mun tsokane shi har mun gaji.

Aikinsa nemo wa masu bincike abin da ba mu da shi. Intanet ɗinmu a lokacin sai ta ga dama, don haka Baba kan hau mota zuwa Zariya ko Ibadan, ya shiga laburaren wata jami'a, ya dawo da kwafin mujallu cike da kwali. Yana alfahari da cewa bai taɓa dawowa hannu rabbana ba.

A 2004 Malama Farida Dabo tana digiri na biyu kan ƙwarin da ke huda doya a gonakin Kuta. Malamin da ke duba aikinta zai tafi hutun shekara, ya ce ta kawo babi na biyu ran Litinin, in ba haka ba ta jira dawowarsa. Baba yana Zariya, sai ta buga masa waya, sabis na yankewa, ta roƙe shi duk abin da aka rubuta kan ƙwarin Kuta. Ya ce ta kwantar da hankalinta.

Ran Juma'a ya dire mata kwali yana washe baki. Ta buɗe. Fadama, laima, ambaliya, yashin bakin kogin Kaduna: kwari dai, ba ƙwari ba. Ko ƙafar ƙwaro babu a ciki.

Ni ina wurin, kuma wallahi na tausaya musu duka biyun. Farida ba ta yi faɗa ba, ta dai ce, "Na gode, Baba," ta ɗauki kwalin ta fita. Shi kuwa ya zauna kamar an zare masa laka.

Da babu gara ba daɗi, ta zauna ta karanta. A nan ta lura cewa gonakin da ƙwarin suka fi ɓarna duk suna kusa da wuraren nan masu laima, inda take zargin a can suke hayayyafa. Ta gina babin a kan wannan. Malamin ya karɓa, har ya tambaye ta wa ya ba ta shawara.

Ta zo da gudu ta faɗa wa Baba, ta maimaita, ta rantse. Ya saurare ta tsaf, ya yi murmushi, sannan ya girgiza kai.

"Malama, Allah ya yi miki albarka. Na san asiri kike rufa mini."

Har ya yi ritaya ya koma unguwar Limawa, ba wanda ya iya sa shi ya yarda cewa kwalin nan ya yi mata amfani.